Ƙaguwa a Buhun Farce

Duk unguwar Mairi da ke Maiduguri babu wanda bai san gidan Ya Yagana mai turare ba. Baƙo ma ba sai an yi masa kwatance ba, a sauke shi a bakin titi kawai, hancinsa zai kai shi. Shekara talatin da ɗoriya tana haɗa humra da turaren wuta, kuma ba a taɓa jin amaryar da ta dawo mata da kwalba ba. Gajeriyar mace ce, ido kar, baki kuwa Allah ya ba ta har ya ƙara mata. In kana neman tashin hankali da rana tsaka, je ka ce mata ka tsinci tsakuwa a kayanta.

Abu ɗaya ne ya hana ta sakat a shekarar 2015, shi ne karatun autarta Muhsinat. Yarinyar tana karanta ilimin dabbobi a jami'a, karatun shekara huɗu, amma ga shi an shiga ta shida. Ba daƙiƙiya ba ce, kada ma wani ya fara. Duk jarrabawa ta cinye, furojet kawai ya rage mata, aikin binciken nan da ɗalibi ke yi da hannunsa kafin a ba shi digiri. Da farko an ba ta jatan landen Tafkin Chadi. Ta sayi takalmin roba har gwiwa, ta sayi 'yar koma, sai hanyar Baga ta daina biyuwa. Aka canza mata zuwa dodon-koɗin wani tafki a bayan gari, sojojin shingen ƙarshe suka ce ko akuya ba za ta wuce ba, balle budurwa da bokiti. Dokar makaranta kuwa shekara shida ce iyaka. Idan wannan watan ya ƙare ba ta miƙa komai ba, za a share sunanta, ta fito hannu rabbana kamar ba ta taɓa shiga aji ba. A duk zuri'arsu kuma ba a taɓa samun mai digiri ba, mace ko namiji.

Wata Talata da hantsi Ya Yagana ta baje tabarma a tsakar gida tana tsintar farce. Ga wanda bai sani ba, farce wani ɗan murfi ne da dodon-koɗin teku ke rufe bakin gidansa da shi. Daga Bahar Maliya ake kawo shi, ya ratso Sudan da Chadi a buhu, kuma in babu shi humra ba ta kama jiki, ƙamshin ya gudu ke nan tun kafin la'asar. Amma fa ɗanyensa ƙarni gare shi, ga datti. Sai an tsince, an kankare, an jiƙa, an soya. A cikin dattin akwai yashi, akwai fasassun duwatsu, akwai kuma wasu 'yan busassun ƙwari masu faɗi waɗanda ba su fi ƙwayar gurjiya ba. Su ne Ya Yagana ta saba cilla wa kajinta, kajin ma sun san lokaci, suna gefe suna jira.

Muhsinat na zaune a kan turmi ta zuba tagumi. Uwar ta ɗauki ƙwaro ɗaya za ta cilla ke nan, sai yarinyar ta ƙwalla ƙara.

A Maiduguri ta waɗancan shekaru ƙara ba abin wasa ba ce. Maƙwabta suka hau banko ƙofofi, mai sayar da ruwa a waje ya saki kurarsa ya ranta a na kare, ita kanta Ya Yagana har ta kwanta rub da ciki tana salati. Da ta ɗago, sai ga 'yarta durƙushe, ta tallafo ƙwaron a tafin hannu, baki har kunne.

"Mama, ƙaguwa ce! Ƙaguwar teku!"

"Innalillahi! Fero, a kan wannan abin kika kusa tsinka mini zuciya?" Fero shi ne yarinya da Kanuri, kuma ba ta kiranta haka sai in rai ya ɓaci sosai ko ya yi daɗi sosai. "Shekara talatin kajina suna cin su, babu wadda ta taɓa yi mini ihu."

Nan take Muhsinat ta kira Dokta Pindar, malamin da ke duba aikinta. Yana Biu a lokacin, ya je gaida yayansa da ba shi da lafiya, gajeriyar hanya kuma a rufe take, sai dai a zagaya, ba zai dawo ba sai gab da ƙarshen wata. Ya Yagana tana jiyo dariyarsa ta cikin waya.

"Ƙaguwar teku a Maiduguri? Muhsinat, daga nan zuwa teku fa mota kwana biyu take yi." Da ya ji labarin buhun farce sai ya nutsu. "To madalla, kin sami aiki. Ki auna ta, ki zana ta, ki bayyana jikinta gaɓa-gaɓa, ki faɗi danginta. Amma ki kawo mini guda ɗaya cikakkiya, wadda babu abin da ya ɓalle mata. In babu ita ba zan sa hannu ba."

Kwana uku suna tsinta, suka tara goma sha tara a faranti. Kaji suka shiga zaman makoki. Ya Yagana kuwa sai wani ɗaga kai take, ashe digirin 'yarta a buhunta yake kwance duk shekarun nan.

Muhsinat ta buɗe wani ƙaton littafi ta fara yi wa uwar karatu. Wai duk halittar da ƙashinta ke waje, ƙafafunta kuma gaɓa-gaɓa, gida ɗaya ne babba, da fara da kunama da gizo-gizo duk suna ciki. A cikin gidan akwai zuri'ar masu ƙafa goma, Decapoda ake ce musu, kuma a nan ƙaguwa take. Sunayen dai masu karya haƙori ne, amma Ya Yagana ta gane sarai. Tambayar asali ce, wane ɗan wane, daga wane gida, kuma ba a koya wa Bakanuriya wannan.

"Ga hotonta nan," in ji Muhsinat. "Hannu biyu masu kama da awartaki, sai ƙafafun tafiya takwas. Goma ke nan."

Ta ɗauki ta farko ta ƙirga. Awartaki biyu, ƙafafu shida. Ta ajiye, ta ɗauki ta biyu, shida. Ta uku, shida. Kafin ta kai ta goma murmushin ya ɓace, da ta kai ta ƙarshe kuwa fuskar ta yi kicin-kicin.

"Mama, wajen tsinta kike karya su."

Wai, wai, wai! Da ma yarinyar nan marinta ta yi da ya fi sauƙi.

"Ni?" in ji Ya Yagana, murya ƙasa-ƙasa, alamar hadari ya haɗu. "Ni nake karyawa? Goma sha tara, duka ƙafa biyun baya, ɗaya dama ɗaya hagu, babu kuskure ko ɗaya? Zama na yi ina zaɓa, don ba ni da aikin yi?"

"To wa ya karya? Ga littafi ya ce takwas."

"Littafin ya taɓa tsintar farce?"

"Mama, don Allah. Duk nakasassu ne, babu mai amfani a ciki."

Ai kuwa ba ta rufe baki ba, Ya Yagana ta sure farantin ta watsa tsakar gida. Kaji suka yi ca, kafin ka ce kwabo babu ko ƙafa ɗaya a ƙasa. Fushi dai bai taɓa tsayawa neman shawara ba. Tun kafin zakaran ya gama haɗiye ta ƙarshe ta fara nadama, amma ta gwammace ta mutu da ta nuna.

Washegari ta yafa lafayarta ta tari Keke Napep, tunda an daɗe da hana babur a garin. Ta je Galtimari gidan wata abokiyar sana'arta, ta je Old Maiduguri gidan wata, tana roƙon a bar ta ta duba dattin farce. Suka yi ta yi mata tsiya, wai Ya Yagana ta bar turare ta koma kiwon ƙwari. Dukansu kuma sun riga sun tsince nasu sun zubar. Ta ƙarasa kasuwa wajen Babakura, wanda yake kawo musu kayan daga Chadi. Ya buɗe hannuwa ya nuna mata shagon wayam.

"Ya Yagana, hanyar Gamboru ko allura ba ta shigowa yanzu. Buhun da na ba ki shi ne na ƙarshe, sai yadda Allah ya yi."

Ta dawo gida gwiwa a sanyaye, ta juya tsohon buhun ciki ya koma waje, ta bi ɗinkin da yatsa a hankali. A can cikin kusurwa ta sami biyu sun maƙale. Da gashin kaza ta fito da su, ko numfashi ba ta yi a kansu ba. Ta ƙirga. Shida da shida.

A kwanakin nan Muhsinat ta daina cin abincin kirki. Ba ta kuka, ba ta faɗa, wannan ne ma ya fi ciwo. Ranar da Ya Yagana ta ga ta ninke farar rigar ɗakin gwaji ta tura can ƙasan akwati, sai ta ji zuciyarta ta karye. Ta tuna ranar da yarinyar ta fara sa rigar nan, tana juyi a tsakar gida, maƙwabta na ce mata likita.

Saboda haka ranar Alhamis bayan azahar, da Muhsinat ta tafi makaranta neman ko za a ƙara mata wa'adi, Ya Yagana ta sa sakata a ƙofa. Ta jiƙa ƙaro mai kyau, irin wanda take haɗa turaren wuta da shi, ta tace shi har sau biyu. Ta fiƙe tsinken tsintsiya. Ta buɗe ƙaton littafin nan ta kafa wa hoton ido. Sannan ta ɓalle ƙafa biyu daga ƙaguwa ɗaya, ta ɗiga musu ƙaro ɗan mitsitsi, ta dasa su a bayan ɗayar, dama da hagu, ta lanƙwasa su daidai yadda na hoton suke. Aiki ya yi kyau, tubarkalla, kai ka rantse da su aka haife ta. Ragowar ɗayar kuwa ta miƙa wa wata jar kaza, aka haɗiye shaida.

Da Muhsinat ta dawo, an hana ta ƙarin ko kwana ɗaya, sai ta tarar da ɗan gwangwani a kan katifarta, an shimfiɗa auduga a ciki. Ta ƙirga sau uku. Wannan karon ba ta yi ƙara ba, ta fito da gudu ta rungume uwar ta baya.

"Takwas, Mama! Cikakkiya ce! Ki yafe mini abin da na faɗa, wallahi bakina ne."

"Sakar ni, za ki kayar da ni cikin kasko," in ji Ya Yagana.

Amma ba ta iya kallon idonta ba. Tunda take, ba ta taɓa yin algus ba, ko itacen banza ɗaya ba ta taɓa cusawa a cikin itacen sandal ba. Yau ga shi ta yi, kuma 'yarta ta yi wa. Ta ji kunya ta kama ta har cikin ƙashi. Sai dai da ta ga yarinyar ta cinye kwanon burabusko tas har da neman ƙari, ta ce a ranta Allah ma ya ga niyya.

Mako biyu Muhsinat tana rubutu. Ta auna, ta zana hoto mai kyau da ƙafafu takwas reras, ta sa halittar a cikin ƙaguwoyi na ainihi. Dokta Pindar ya dawo ranar Laraba, saura kwana biyar wata ya ƙare. Washegari da safe ta ɗauki gwangwaninta da takardunta ta tafi tana rangaji. Kafin azahar ta dawo, ido ya kumbura sumtum.

"Ya ce maguɗi na yi." Da ƙyar maganar take fita. "Wai manna ƙafafun aka yi. Ya rubuta takarda zuwa kwamitin ladabtarwa, gobe zai kai, korata za a yi. Mama, na rantse masa da Allah ban taɓa ta ba, ya ce in fita."

Rantsuwar nan ita ta gama da Ya Yagana. Yarinya ta rantse da gaskiyarta a kan ƙaryar uwarta. Ta sauke kaskon da ke kan wuta, ta wanke hannu, ta ɗauko lafayarta ta fita unguwa.

"Tashi mu je."

"Ina?"

"Wajen malamin naki. Kada ki tambaye ni komai a hanya."

A ƙofar makaranta aka caje su kamar kowa, wata mai gadi ta zazzage jakar Ya Yagana tana ta shaƙar hanci, har da tambayar ko ana sayarwa.  Suka hau bene, suka shiga wani ɗaki mai kwalabe jere, macizai da kwaɗi na kwance a cikin ruwa. Ya Yagana ta yi a'uziyya ta kawar da kai.

Dokta Pindar dogon mutum ne siriri, furfura ta cinye kansa, tabarau na rataye da zare a wuyansa. Ya miƙe da ganin dattijuwa, ya yi mata sannu da Kanuri.

"Wushe, Hajiya, wushe. Ga kujera." Ya dubi Muhsinat, fuskarsa ta sake ɗaurewa. "In roƙo kuka zo yi, ku yi haƙuri. Shekarata ashirin da bakwai ina koyarwa, na yafe lalaci, na yafe daƙiƙanci, amma ban taɓa yafe ƙarya a bincike ba."

Ya Yagana ba ta zauna ba. Ta ji harshenta ya yi nauyi, abin da bai taɓa faruwa ba.

"Malam, ba roƙo na zo ba. Yarinyar nan ba ta san komai ba. Ni na manna."



"Mama?" in ji Muhsinat. Ta ja da baya har ta jingina da bango. "Mama, ke?"

"Ni. Na ga kin ninke rigarki kin ɓoye, na kasa jurewa. In kora ce, ni za a kora, sai dai ban san daga ina ba."

Dokta Pindar ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa.

"Da me kika manna, Hajiya?"

"Ƙaro."

"Da me kika riƙe ƙafar?"

"Tsinken tsintsiya."

"Babu madubi? Da idonki kawai?"

"To da idon wa?"

Sai kafaɗun mutumin suka fara rawa. Ya toshe baki, abin ya ƙi, ya zauna daɓas a kujera yana dariya har da hawaye. Ya Yagana ta tsuke fuska. Ita ta zo a yanke mata hukunci, ba ta zo a mai da ita abin wasa ba.

"Ki gafarce ni, Hajiya," in ji shi yana share ido. "Wallahi rabin awa na yi ina kallon abin nan a madubin ƙara girma, jikina na ɓari. Babu irinta a duniya! Na ɗauka Allah ya kawo mini sabuwar halitta har ofis, har na fara tunanin sunan da zan raɗa mata. Sai na ga wani abu na ƙyalli a gindin ƙafa." Ya jawo gwangwanin. "To me ya sa kika ƙara mata?"

"Shida gare ta. Littafi ya ce takwas."

"Sauran da kuka samu fa, nawa-nawa gare su?"

"Shida-shida," in ji Muhsinat daga jikin bango. "Duka. Na ɗauka karyewa suka yi."

"Duka, kuma ba ki tambayi kanki dalili ba? Haba Muhsinat!"

Ya Yagana ta juya ta yi wa 'yarta wani kallo. Kallon kaɗai ya isa.

Dokta Pindar ya gyara zama. Ya ce wannan halitta kama kawai ta yi da ƙaguwa, amma ba ta cikin ƙaguwoyi na ainihi. Zuri'arsu ɗaya ta masu ƙafa goma, sai dai ɗaki daban, danginta na kusa su ne masu shiga tsohon gidan dodon-koɗi su zauna. Sunan gidansu Porcellanidae, saboda bayansu sumul yake kamar tangaran, ga saurin fashewa. A ƙarƙashin duwatsun bakin teku suke zama, shi ya sa suke da faɗi. Ba sa farauta, wasu 'yan mafitai gare su a baki da suke tace abinci daga ruwa. In maƙiyi ya kama musu hannu, sai su sakar masa su gudu, wani ya tsiro daga baya.

"Kuma da ƙafa shida suke tafiya," in ji shi. "Haka Allah ya yi su. Sauran biyun ƙanana ne ƙwarai, a naɗe suke a gefen ƙoƙon baya, ba a ganinsu. Da su take share jikinta."

"Ashe mai tsafta ce," in ji Ya Yagana, ta ɗan sassauto.

"Wato wannan da kika gyara, yanzu goma sha biyu gare ta. Ina sauran? A kawo su, magana ta ƙare."

Uwa ta dubi 'ya, 'ya ta dubi uwa.

"Kaji," in ji Ya Yagana.

"Duka?"

"Har da wadda na ciri ƙafafun."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Dokta Pindar. Ya ɗauki takardar da ya rubuta wa kwamiti, ya juya ta a hannu. Ya ce shi ya yarda da maganarta, amma sakatariyar sashe ta riga ta buga takardar nan, labari ya fara zagayawa. Abin da zai rufe bakin kowa shi ne cikakkiyar halitta a kan tebur. In aka cire ƙafafun aro ba tare da an fasa ta ba, aka kuma fito da ɓoyayyun biyu lafiya, zai yaga takardar, ya ba Muhsinat kwana huɗun da suka rage ta gyara babinta. In ta fashe kuwa, ba shi da abin nunawa, ita ma ba ta da abin rubutawa.

"Ni dai ba zan taɓa ba," in ji shi, ya nuna hantsakinsa. "Ta bushe kamar ƙanzo. Ina matsawa za ta zama gari."

Ya Yagana ta dubi hantsakin ta ja tsaki.

"Wannan ai na cire ƙaya ne. Akwai ruwan zafi?"

Akwai, a fulas ɗin shayinsa. Ta sa aka zuba a kofi, ta ɗora hankicinta a bakin kofin, ta kwantar da ƙaguwar a kai don tururi ya ratsa ta. Ta haye wata doguwar kujera, ƙafafunta na lilo ba su kai ƙasa ba. Dokta ya turo mata madubin ƙara girma, ta ture shi gefe. Ta zaro allura daga gefen lafayarta, ta yi bisimilla.

Ƙaro dai ruwa ne maganinsa. Ɗigo ɗaya a bakin allura, ta jira, ƙafar aro ta dama ta saki. Ta hagu ta ɗan yi gardama, ita ma ta saki. Wannan mai sauƙin ke nan. Ta mai da ƙaguwar kan tururi, ta jira har sai da ta ga gaɓoɓin sun yi laushi, sannan ta kwantar da ita a kan auduga.

"A ina ka ce suke?"

Ya nuna mata da bakin biro, daga nesa, kamar mai tsoron kada inuwarsa ta fasa. Ta sunkuya. Can ta hango wani abu siriri, bai fi zaren ɗinki ba, a maƙale a gefen ƙoƙon. Ta zura allura ƙarƙashinsa.

Daidai nan wani abu ya yi dum a can nesa, tagogi suka yi kar-kar. Dokta Pindar ya dafe tebur, Muhsinat ta durƙushe. Ya Yagana ko gezau, allurar ba ta motsa ba. Ta ɗaga a hankali, a hankali, sai ga 'yar ƙafa ta miƙe, lanƙwashe a tsakiya, da ɗan gashi-gashi a bakinta. Ta juya audugar, ta koma ɗaya gefen. Gumi ya gangaro mata har haɓa, Muhsinat ta taso ta share mata da gefen mayafi. Ta biyun ta fi ta farko wuya, sau uku tana zamewa. A na huɗu ta fito.

Dokta Pindar ya sa ido a madubi ya daɗe. Ya ɗago, ya matsa gefe.

"Muhsinat, zo ki ƙirga. Da ƙarfi."

Ta sunkuya a kan madubin. "Ɗaya, biyu," awartakan ke nan. "Uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas."  "Tara."

Ta tsaya, hawaye ya rufe mata ido.

"Goma," in ji Ya Yagana. "Matsa can, kada ki jiƙa mini ita."

"'Yar wane gida ce?" in ji Dokta.

"Porcellanidae, Malam. Ba ƙaguwa ta ainihi ba ce."

Ya ɗauki takardar kwamiti ya yaga biyu, ya haɗa ya sake yagawa, ya zuba a kwandon shara.

"Litinin da safe, ƙarfe takwas, babi a kan teburina. Zan sa hannu."

Ya Yagana ta sauko daga doguwar kujerar, ta ce alhamdulillahi, ta yi taku ɗaya za ta nufi ƙofa.  Sai ta sulale ta zauna a kan siminti, a tsakanin kwalaben macizai da kwaɗi, ta rufe fuska da lafaya, ta fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya. Muhsinat ba ta taɓa ganin haka ba tunda aka haife ta. Ɗalibai biyu da ke wucewa suka tsaya suna leƙe ta ƙofa.

"Mama, tashi don Allah," in ji ta, ta durƙusa ta riƙo kafaɗarta. "Ana kallonmu."

"A kalla," in ji Ya Yagana. "Bar ni in zauna, fero. Shekara shida nake tsaye."